Lalle ko Tsaga: Tarihin Dokar da ke Mulkin Kwamfutar Tarayya

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar makaranta, ko ta banki, ko ta cibiyar jarrabawa, ya san irin tarbar da take yi wa baƙo. Hoton bangon allon tambarin hukuma ne, kuma ba ya sauyuwa. Ka soka filashi, ta yi kamar ba ta gani ba. Ka nemi wurin saituna, ta ce a tuntuɓi mai kula da tsari. Wani lokaci ka ajiye takarda a fuskar allo, ka dawo washegari ka tarar an share wurin tas. Mutane da yawa sukan ɗauka lalacewa ce, ko rowar ma'aikata. Alhali kuwa doka ce rubutacciya, wani ne ya zauna ya tsara ta, kuma tushenta ya haura shekara 60.

A duniyar Windows sunan wannan doka Group Policy, wato ƙa'idar rukuni. Inda ta fi nauyi shi ne wurin da mutane da yawa ke aiki lokaci guda a kan babbar kwamfuta ɗaya, wadda ake kira uwar garke, ko saba a bakin masu sana'ar. Kowa da allonsa da madannansa, amma ƙwaƙwalwar ɗaya ce, rumbun ajiyar ma ɗaya ne.

Maganar ta shafi garuruwa irin su Talata Mafara da Bakura da Maradun kai tsaye. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura akwai kwalejin aikin gona, ga kuma sakatariyoyin ƙananan hukumomi da asibitoci da makarantun sakandare a duka garuruwan uku. Duk inda masu bukata suka fi kwamfutoci yawa, wuta kuma ta yi tsada, tarayya ta zama tilas. Da zarar an yi tarayya kuwa, tambaya ɗaya ce ke tasowa: wa ke da iko da abin da ke gaban mai zama? Sau da yawa akan bar amsar ga matashin da ya iya haɗa waya, alhali magana ce ta mulki, wadda ta cancanci teburin shugaban makaranta ko magatakarda ko babban likita. Tarihin dokar ne zai nuna dalili.

Kafin kowa ya sami tasa

Da tarayya kwamfuta ta fara. A shekarun 1950 na'ura guda kan cika ɗaki, kuɗinta kuwa sai gwamnati ko babbar jami'a ko hamshaƙin kamfani. Mai bukata yakan huda katuna, ya miƙa wa ma'aikaci, ya koma ya jira sakamako na sa'o'i, wani lokaci sai washegari. Irin wannan zamanin Najeriya ta fara gani, lokacin da kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan a 1963.

A Nuwamban 1961, Fernando Corbató da abokan aikinsa a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka suka nuna wata dabara. Na'urar za ta riƙa zagayawa tsakanin mutane cikin sauri, tana ba kowa ɗan guntun lokaci, har kowa ya ji kamar shi kaɗai take yi wa aiki. Tsarin nasu, CTSS, shi ake danganta wa fara amfani da kalmar sirri, domin idan mutum biyu suka haɗa rumbu, dole a san mai kowane buhu. Abin da ke gaban mai aiki a lokacin tasha ce kawai, madannai da takarda, daga baya allo, ba ta da ƙwaƙwalwar kanta. Iko duka yana can ɗakin na'ura.

A Agustan 1981 IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, kafin shekara 10 kuwa ofisoshin duniya sun cika da irinta. Kowa ya zama sarkin teburinsa: ya sa manhajar da yake so, ya sauya abin da ya ga dama. Ba a jima ba aka gane tsadar wannan 'yanci. Kowace na'ura da ciwonta, wata wasanni sun cika ta, wata faifai ya sa mata cuta, wata mai ita ya goge abin da bai san amfaninsa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanin bincike na Gartner ya riƙa jan hankalin manyan ma'aikatu cewa kuɗin sayen kwamfuta ƙaramin kaso ne na abin da take ci a rayuwarta, mafi yawa a wajen kula da ita yake tafiya.

Komawa garke

Wannan lissafi ne ya dawo da tsohon tunani cikin sabuwar riga. Ed Iacobucci, tsohon injiniyan IBM, ya kafa kamfanin Citrix a 1989, a 1995 kuma kamfanin ya fito da WinFrame, manhajar da ta sa Windows guda ta ɗauki mutane da yawa lokaci ɗaya. A 1997 Microsoft ya ƙulla yarjejeniya da Citrix ya karɓi fasahar, a 1998 ya fitar da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition. Tun daga 2009 sunan hidimar ya koma Remote Desktop Services, amma aikin bai sauya ba. Manhaja tana gudana a kan uwar garke. Abin da ke tafiya a waya hoton allo ne zuwa tasha, da dannawar yatsa da motsin linzami zuwa uwar garke. Saboda haka tashar na iya zama tsohuwar kwamfuta, ko ɗan akwatin da bai wuce tafin hannu ba.

Sai dai Windows an gina ta ne da tunanin mutum ɗaya da na'urarsa. Maɓallin kashewa, wanda a gida ba ya cutar da kowa, a kan uwar garke yana iya ɗauke aikin mutum 50 a lokaci guda idan mai dannawa na da izinin da bai kamata ya samu ba. Rumbun da kowa ke gani a matsayin nasa, rumbun jama'a ne. Mutum ɗaya ya kunna manhaja mai nauyi, saura duka su ji a jikinsu. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, kuma irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da ƙa'ida.

Tsaga da lalle

Ƙa'idar farko da Microsoft ya samar ita ce System Policy, wadda ta zo da Windows 95 da Windows NT 4.0, ta biyun a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mai kula da tsari yakan rubuta hani a fayil guda, ya ajiye a uwar garke. Duk wanda ya shiga da sunansa, sai a kwafi hanin a rubuta shi a cikin rajistar Windows, wato kundin da ke riƙe da saitunan na'ura da na mai amfani da ita.

Aibinta shi ne, abin da ta rubuta ba ya gogewa da kansa. A janye dokar, hanin yana nan daram. A sauya wa ma'aikaci sashe, tsohon takunkumin ya bi shi. Sai an rubuta wata doka mai warware ta farko, ko a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya da hannu. Masu sana'ar a Turai da Amurka sun kamanta abin da zanen da ake yi wa fata da allura. Mu a nan tsaga za mu ce: wanzami ya gama aikinsa ya tafi, fuska kuwa ta ɗauka ke nan har tsufa.

Windows 2000, wadda ta fito ranar 17 ga Fabrairun 2000, ta zo da Group Policy tare da Active Directory, kundin da ke riƙe da sunayen mutane da na'urorin ma'aikata, a jere sashe-sashe. Babban gyaran shi ne an ware wa doka wurinta na musamman a cikin rajista. Idan aka janye ta, ko mutum ya fita daga ƙarƙashinta, sai a share wurin, saitunan su koma yadda suke. Tsaga ta koma lalle: yana kama hannu sosai, amma idan aka daina sawa sai ya tafi.

Sauran tsarin ma na mulki ne tsantsa. Kowace doka rabi biyu ce, rabin na'ura da ke hawa lokacin kunnawa, da rabin mutum da ke hawa lokacin da ya shiga da sunansa. Dokoki suna sauka hawa-hawa: ta na'urar kanta, sannan ta yanki, sannan ta ma'aikata baki ɗaya, sannan ta sashe. Idan biyu suka yi karo, ta ƙarshe, wato mafi kusa da mutum, ita ke rinjaye. Sashe na iya toshe abin da ke gangarowa daga sama, na sama kuma na iya ɗaure wata doka yadda ba mai iya toshe ta. Kowace na'ura tana komawa ta duba ko akwai sabon umarni bayan minti 90, da ƙarin 'yan mintoci har zuwa 30 da ake bambantawa, don kada duka su yi wa uwar garke cincirindo lokaci guda. Wanda ya san yadda takarda ke gangarowa daga ma'aikatar jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa gunduma ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Dokar mutum da dokar wuri

Saitunan fuskar allo, irin su hoton bango da jerin manhajoji da abin da ake gani da wanda aka ɓoye, suna cikin rabin mutum ne, don haka suna bin sa duk inda ya zauna. A nan uwar garken tarayya ta kawo matsala. A ɗauki misalin malamin da ke da kwamfuta a ofishinsa, inda ya dace a sakar masa mara. Idan ya shiga ɗakin kwamfutar ɗalibai ya hau uwar garke da sunansa, 'yancin nan zai biyo shi inda zai iya yin ɓarna. Idan kuma aka ɗaure sunansa don kare uwar garke, an ɗaure shi har a ofishinsa.

Mafitar ita ce wani saiti da Microsoft ya kira Loopback. Ana kunna shi a kan uwar garken, sai ya ce: duk wanda ya shigo nan, dokar nan wurin ce za ta hau kansa. Kowa ya zo ƙofar masallaci zai cire takalmi, attajiri ne ko almajiri, idan ya fito kuma ya mayar da abinsa. Saitin salo biyu ne. A salon gaurayawa, mutum yana shigowa da dokokinsa, a ɗora masa na wuri, idan suka yi karo na wuri su rinjaya. A salon maye gurbi, ana ajiye nasa gaba ɗaya a bakin ƙofa. Na biyun ya fi dacewa da ɗakin jarrabawa da ɗakin karatu, na farkon kuma da ofis, inda akawu ke bukatar firintarsa da jakunkunan sashensa. Gogaggun masu kula sukan cire rukuninsu daga ƙarƙashin dokar tun kafin su kunna ta, domin an sha ganin wanda ya kulle ɗaki da makullin a ciki.

Abin da yake dole da abin da yake zaɓi

Shekarun da suka biyo baya sun koya wa masu sana'ar abubuwa uku. Na farko, ɓoyewa daban, hanawa daban. Dokar da ke ɓoye rumbun uwar garke daga ido labule ce kawai, ɗalibi mai wayo zai zagaya ta wata manhaja ya isa. Katangar gaskiya ita ce izinin da ke kan fayilolin kansu, da jerin manhajojin da aka yarda su gudana, aikin da AppLocker ke yi tun 2009.

Na biyu, ba komai ne ya cancanci tilas ba. A 2006 Microsoft ya sayi kamfanin DesktopStandard, a 2008 kuma ya shigar da fasaharsa cikin Windows da sunan Group Policy Preferences. Da ita mai kula zai iya shirya wa mutum wurin zama, firinta da gajerun hanyoyi da sauransu, sannan ya bar shi ya sauya idan ya so. Wannan sauƙi ya zo da nasa rauni. An ba masu kula damar ajiye kalmar sirri a ciki, alhali makullin da ke rufe ta yana cikin takardun da kamfanin ya wallafa wa duniya, kuma kowane mai asusu a ma'aikata na iya karanta fayil ɗin. Sai a Mayun 2014 aka toshe hanyar. Darasin a fili yake: kuskuren da aka yi a tsakiya kowa yake shafa.

Na uku shi ne rabe kayan gida da kayan mutum. Akwai dabarar daskarar da fuskar allo yadda duk abin da aka sauya zai goge da zarar an fita, kuma ita ce ke sa ɗakin kwamfuta ya kwana da tsabta. Amma idan ba a karkatar da jakar takardun kowane mutum zuwa wani rumbu na dabam ba, tsabtar nan za ta haɗa da aikin ƙarshen zangon ɗalibi. Dabarun biyu tare suke tafiya, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya zalunci wani.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. Windows tana ɗauke da tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, tana kuma ɗauke da na Larabci. Idan aka rufe wurin saituna gaba ɗaya ba tare da an shigar da su tun farko ba, ɗalibin Hausa ba zai iya bambanta ƙasa da kasa a rubutunsa ba, ɗalibin addini ba zai rubuta aya ba, mai raunin gani kuma ba zai ƙara girman haruffa ba. Babu wanda ya yi niyyar hana su. An dai kwafo tsarin da aka yi wa wasu mutane a wata ƙasa, ba a tambayi masu zama a kujerun ba.

Yadda Najeriya ta ɗanɗana ɓangarorin biyu

A 2007 aka raba wa ɗaliban wata makarantar firamare da ke Galadima, a gefen Abuja, ƙananan kwamfutocin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005. Aƙidar shirin ita ce yaro ya mallaki na'urarsa, ya bincika yadda ya so. A Yulin shekarar kafofin labarai suka ruwaito cewa wasu yaran sun shiga shafukan batsa, masu shirin kuma suka ce za a sa matattara. A daidai lokacin, wasu ƙasashe sun bi hanyar tarayya: Masedoniya ta ƙulla cinikin kujeru 180,000 da kamfanin NComputing a 2007, jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuma ta kai irin tsarin makarantu 5,000 a 2008.

Ɗaya ɓangaren kuwa kusan kowane gida ya san shi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, a 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. Manhajar tata ce ta kanta, amma tunanin ɗaya ne: ɗaki mai kujeru 250, uwar garke a gefe, allo a kulle yadda ɗalibi ba ya ganin komai sai tambayoyi. Daga 2017 aka taƙaita aikin zuwa maɓallai 8, don wanda bai saba da linzami ba kada ya cutu. Wannan kulle ne mai dalili, domin adalcin jarrabawa ya dogara a kan kowa ya ga abu iri ɗaya. Sai dai a Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskure a wasu uwayen garke, wanda ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ƙarfin tsarin da rauninsa wuri ɗaya suke.

Abin da ke jan makarantun Zamfara zuwa tarayya lissafin wuta ne. A ƙiyasi, kwamfutar tebur da allonta kan ci wat 100 ko fiye, ƙaramar tasha da allonta kuwa wajen 30. A ɗaki mai kujeru 50, ana maganar wat 5,000 a gefe guda, da kimanin 2,000 a ɗaya gefen har da uwar garke. Tun bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, wannan bambanci ne ke raba ɗakin da sola za ta iya riƙewa da wanda zai zauna a rufe yana jiran kuɗin janareta. Amma akwai kuɗin da ba a gani ranar yanke ƙyalle: kowace kujera ko kowane mai amfani na bukatar lasisi, kuma Windows kan ba da rangwamen kwana 120 kacal, daga nan ta daina karɓar masu shiga. Ɗakin da aka ba da kyauta ba tare da lasisi ba, wata 4 ne rayuwarsa.

Kamfanonin duniya yanzu suna tura kowa zuwa kula da na'urori ta intanet, daga rumbunan da ke wata nahiya. Mutanen Zamfara na da dalilin yin tunani sau biyu. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni a haka. Uwar garken da ke cikin harabar makaranta, da dokokinta a cikinta, ba ta bukatar layin waje kafin ta yi aiki.

Abin da Bakolori ta riga ta koyar

Garuruwan nan uku ba baƙin tsarin da ake juyawa daga tsakiya ba ne, sun san shi tun kafin kwamfuta ta iso. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina wa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a kan kogin Sakkwato, an kammala ta a 1978. Tafkin ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Maradun, filin noman rani na kimanin hekta 23,000 kuma ya shimfiɗu ta wajen Talata Mafara da Bakura. Tunanin mai kyau ne a takarda: a tara ruwa wuri guda, a raba shi da ƙa'ida, a yi noma rani da damina.

Amma an baje gonaki, an share tsofaffin iyakoki, an sare itatuwa, manoma sun rasa damuna suna jira, diyya ta yi jinkiri. Da suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike da mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa. Daga baya kuma sashen da ya fi girma, mai ban ruwa ta hanyar feshi, ya tsaya, domin ya dogara ga famfuna da wutar lantarki da gyaran da ba a ci gaba da yi ba. Sashen da ruwa ke gangarowa da kansa shi ya rayu. Da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo gyara, ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: hukuma ta riƙe madatsa da manyan magudanai, manoma su riƙe ƙanana.

Ba za a haɗa nauyin jini da gona da na allon kwamfuta ba. Abin da za a ɗauka shi ne fasalin kuskuren, wanda ke maimaita kansa a manya da ƙananan ayyuka: a tsara wa mutane ba tare da su ba, a gina abin da ba a tanadi kuɗin riƙe shi ba, a tattara kowane makulli a hannu ɗaya. Group Policy kanta tana da maganin na ƙarshen, domin ana iya ba kowane sashe ikon tsara dokokinsa a ƙarƙashin 'yan ƙa'idojin da suka hau kowa. Ɗakin karatu ya san bukatarsa fiye da ofishin kuɗi, sashen Hausa ya san haruffansa.

Tambayoyin da suka rage wa shugabanni

Shugaban da bai taɓa buɗe waɗannan saituna ba yana da ikon tambaya, kuma tambayoyin ba su bukatar digirin kwamfuta. Waɗanne abubuwa aka hana, kuma mene ne dalilin kowanne? An rubuta su a takarda, ko suna cikin kan mutum ɗaya da zai iya samun aiki a Abuja gobe? Wa kuma ke riƙe da babbar kalmar sirri bayan shi? Ina takardun ɗalibai da bayanan marasa lafiya ke kwana, kuma ina kwafinsu na biyu? Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amsar wannan ta zama alhakin ma'aikata a gaban shari'a. An gwada sabuwar doka a kan mutum 5 kafin a sake ta ga 500? Idan ɗalibi ko ma'aikaciya ta ga wani hani na hana ta aiki, ƙofar wa za ta buga? Kuɗin lasisi da na batir da na gyara suna cikin kasafin baɗi?

Daga CTSS zuwa yau, masu wannan sana'a sun yi ta kai da komo tsakanin sakin jiki da ɗauri, kuma abin da suka tsaya a kai bai da yawa. A kulle abin da zai cutar da jama'a, a kulle shi da gaske. A shirya wa mutum wurin zama, a bar masa abin da yake nasa. A ɗaura doka a kan wuri, don kada ta bi mutum har gida. A kuma tabbata kowace doka za ta iya fita ranar da dalilinta ya ƙare. Ɗakunan kwamfuta za su ci gaba da ƙaruwa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, da kuɗin TETFund ko na jiha ko na masu ba da taimako. Kafin a karɓi makullin kowanne, ya kamata a nemi takardar dokokinsa, a karanta ta tare da waɗanda za su zauna a kujerun.